Daga Majalisar Taɗi Zuwa Zauren WhatsApp

A farkon shekarun 1940 akwai wata majalisa a Bauchi inda 'yan boko da ma'aikatan En'e da wasu Turawan mulki kan zauna su yi muhawara. Majalisar Taɗi ake ce mata. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ciki, Sa'adu Zungur yana ciki, sakatarenta kuwa wani matashin malamin makarantar Midil ne, Aminu Kano. Aikinsa bai wuce aika takardar gayyata da tsara batun da za a tattauna ba, irin aikin da manya kan tura wa yaro. Ta wannan 'yar kafar ce maganganun da ba a saba furtawa a gaban hukuma ba suka riƙa shigowa zauren, har ranar da ya tambayi ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Ba a daɗe ba aka rufe majalisar.

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin zartarwa na wata ƙungiyar sa-kai a Arewa ba zai yi mamakin wannan labari ba. Ciyaman ne ke zama a kujerar tsakiya, shi ake ɗauka a hoto ranar da aka kai ziyara gidan gwamnati, amma wanda ke riƙe da hanyar da magana ke bi tsakanin 'yan kwamiti, shi ne ke riƙe da reshen. Mai wannan rubutu ya yi shekaru yana riƙe da biron sakatare a reshen jiha na wata ƙungiyar fafutukar ilimin yara, ya kuma zauna da dattawan da suka riƙe irin wannan biro tun zamanin keken rubutu. Abin da ya gani shi ne, duk lokacin da saƙo ya ƙara sauri, shawara sai ta ƙara nisa da wurin taro.

A da, taro abu ne mai tsada. Lokacin da aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, wadda Aminu Kano ya zama sakatarenta, da lokacin da 'yan boko na Zariya da Kaduna suka haɗa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarƙashin Dokta Dikko, wasiƙa ce komai. Tana bin jirgin ƙasa ko motar gidan waya, ta yi kwanaki a hanya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ta zama kamar allon sanarwa: a shafinta na wasiƙu ne mutumin Gusau kan gane cewa akwai mai irin tunaninsa a Yola. Har zuwa shekarun 1980 abin bai canja sosai ba. Sakatare zai buga sanarwar taro a kan sitensil, a gurza ta a injin Gestetner na wata makaranta ko ofishin da ake da ɗan'uwa a ciki, sannan ya tafi tasha da sassafe ya danƙa wa direba ko ɗan kamasho ambulan, haɗe da kuɗin goro. Ana rubuta sunan mai wasiƙa da na shagon da za a ajiye masa ita. Wata ta isa, wata kuma sai bayan an watse take fitowa daga aljihun mota.

Wanda ya biya kuɗin mota ya kwana a hanya ba ya yarda a tashi taro ba a yanke komai ba. Shi ya sa zaman wancan lokaci ke da nauyi. Tsarinsa kuwa gadon ofisoshin Turawa ne da aka sa wa riga 'yar gida: a buɗe da addu'a, sakatare ya karanta rahoton zaman da ya gabata, a yi gyara, wani ya ce a amince, wani ya ce ya mara baya, ciyaman ya sa hannu. Daga nan sai batutuwan da suka taso daga rahoton, inda ake tambayar kowa abin da ya ce zai yi. Nan ne gumi ke karyowa. Mutum ya ɗauki alkawarin ganin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ga sunansa a rubuce, ga kwanan wata, ga mutum goma sha biyu suna kallonsa.

Sai dai tsarin Bature bai san kunya ba, kuma bai san girma ba. Littafi ya ce kowane ɗan kwamiti ƙuri'a ɗaya gare shi. Tarbiyya ta ce yaro ba ya musa wa dattijo a bainar jama'a. Yadda aka sasanta su biyun shi ne zaman da ake yi kafin zama. Daren jajibirin taro, bayan sallar isha'i, sakatare da ma'aji kan bi gida-gida. A zauren Alhaji wane ake faɗa masa cewa gobe za a ta da maganar kuɗin da bai kawo rasit ɗinsu ba, don kada ya ji ta daga sama. A nan matashi ke iya cewa, "Ranka ya daɗe, ni dai a ganina da an dakata," maganar da ba zai iya furtawa gobe ba. Washegari sai a ga taro ya tafi sumul, baƙo ya ɗauka ba a taɓa saɓani a reshen ba.

Wasu na kiran wannan munafunci. Ba munafunci ba ne, hanya ce ta kare mutuncin mutanen da ba a biyan su ko sisi, waɗanda in aka kunyata ɗayansu sau ɗaya ba za a ƙara ganin takalminsa a ƙofa ba. Amma tana da nata zaluncin. Wanda ba a je gidansa ba, ya zo ya tarar an gama dahuwa. Su wane ne ba a zuwa gidajensu? Wakilin ƙauye mai nisa, da talakan cikin kwamiti, da mace, wadda namiji ba zai yi mata sallama da dare ba. Shekaru da yawa shugabar mata a irin waɗannan kwamitoci aikinta bai wuce kawo mata ranar gangami da kula da abinci ba.

Matan ne kuwa suka fi kowa yin tunani a kan wannan matsala, suka fito da amsa iri biyu cikin shekara uku. A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifi ƙungiyar mata ta WIN. Ta karɓi maza a matsayin 'ya'yanta, ta kuma guje wa kujerar shugaba mai cikakken iko: babban muƙaminta sakatare ne mai haɗa kan rassa, kuma Ayesha Imam ce ta fara riƙe shi. Rassan jihohi suka yi ta tattara bayanai kan halin da mata ke ciki, aka haɗa su cikin kundi guda a 1985, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron mata a Nairobi. A watan Oktoba na wannan shekarar aka ƙaddamar da FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amira ta farko. Ita FOMWAN tarayya ce ta ƙungiyoyin mata Musulmi da suka riga ta wanzuwa, daga masu makarantun Islamiyya zuwa masu taimakon marasa lafiya, aka jera musu Amira a ƙasa, Amira a jiha, Amira a ƙaramar hukuma, da taron shekara da ke zagayawa jiha-jiha. Saƙo na sauka ta tsani, rahoto na hawa ta tsani. Kalmar Amira da shura ta ba wa matar aure abin da za ta faɗa wa maigida in za ta fita taro, ta kuma ba kwamitin harshen da malamai ba za su yi wa kallon baƙo ba. Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ta yi editan Sunday Triumph da New Nigerian, ta zauna a gidajen biyu, abin da ke nuna cewa katangar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon da 'yan waje ke zato ba. Ta rasu a turmutsitsin Mina na 2015.

Intanet ta fara nuna haƙoranta ne tun kafin yawancin rassa su mallaki kwamfuta. Lokacin shari'ar Amina Lawal a Katsina, ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim sun tsaya a kan dabara ɗaya: a ɗaukaka ƙara a cikin kotunan Shari'a, da hujjojin fiƙihu, kamar yadda aka yi aka kuɓutar da Safiya Hussaini a Sakkwato a watan Maris na 2002. A can waje kuwa takardun koke na ta yawo ta imel, wasu ɗauke da labarin ƙarya cewa an riga an sa ranar zartar da hukunci, wasu cike da zagin addini. A watan Mayu na 2003 sai da BAOBAB ta fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa tana roƙon masoyan nesa su dakata, domin taimakon nasu na neman ɓata aikin. A watan Satumba kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallami Amina. Tun daga lokacin tambayar wa ke da izinin magana da sunan ƙungiya ta zama babi mai zaman kansa a zaman kwamitoci.

Wayar salula ta shigo a watan Agusta na 2001, a ƙasar da layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba. Da farko layi kaɗai ya kai dubban nairori, kira naira 50 a minti, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Zamanin filashin ke nan: wakilin ƙauye ya yi wa ciyaman filashin sau uku, ciyaman ya san akwai magana. Kuɗin kati ya shiga rahoton ma'aji a matsayin layi na musamman, ya kuma zama abin faɗa na musamman. Amma babban canjin ba a aljihu yake ba. A karon farko ciyaman na iya kiran mutum uku daga cikin goma sha biyar, ya ajiye waya, ya ce, "Mun yi shawara." Kundin tsarin mulkin ƙungiya ya faɗi yawan mutanen da dole su halarta kafin a yanke hukunci, amma bai ce komai a kan kiran waya ba. Zaman daren jajibiri, wanda a da share fage ne kawai, sai ya zama shi ne taron, taron na gaske ya koma wurin jin sanarwa.

A daidai wannan lokaci kuɗi suka fara shigowa. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999 masu ba da tallafi daga waje sun buɗe hannu, amma suna neman takardar rajista da asusun banki. Rajistar tana nufin zuwa hukumar CAC, a naɗa amintattu, a buga sunayensu a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Rassa da yawa suka sa sunayen iyayen ƙungiya, manyan mutanen da ba sa zuwa taro, don neman albarka. Sai daga baya aka gane cewa a idon doka su ne ƙungiyar, 'yan zartarwa masu shan rana kuwa baƙi ne. In amintacce ya rasu ko ya yi fushi, canja sunansa aiki ne na watanni. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu, ta ta da ƙurar da ta kai har kotu.

Ba a cika samun reshen da ya mutu saboda saɓanin manufa ba. Abin da ke kashe rassa ƙanana ne. Takardar gayyatar taron bita a otal ɗin Abuja, mai ɗauke da kuɗin mota da na kwana, ta shigo akwatin imel ɗin da mutum ɗaya ne ya san mabuɗinsa. Sai dai a ga hotonsa da rigar ƙungiya. Ko a ce cak sai da hannu biyu, ma'aji ya sa hannu a fararen takardu uku saboda zai yi tafiya, ya dawo ya tarar babu ko ɗaya. A reshen da mai wannan rubutu ya yi aiki, an taɓa yin wata huɗu mataimakin ciyaman ba ya amsa sallamar jami'in hulɗa da jama'a, a kan wane ne zai shiga gidan rediyo. Ranar da za a kai takarda majalisar dokokin jiha, kowannensu ya zo da tasa, kuma buƙatun ciki ba iri ɗaya ba ne. Akawun da ya karɓe su ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce su je su dawo in sun shirya.

Waɗanda suka kafa fafutukar neman dawo da 'yan matan Chibok sun san wannan tarihi, domin akwai tsofaffin hannu a cikinsu irin su Hajiya Saudatu Mahdi ta WRAPA da Maryam Uwais. An sace ɗalibai 276 a daren 14 ga Afrilu 2014. Ranar 30 ga wata aka yi tattakin farko a Abuja, Hadiza Bala Usman da Oby Ezekwesili na gaba. Duniya ta san tafiyar ta hanyar Twitter, amma abin da ya riƙe ta tsohon abu ne: zama ido da ido, kullum, a kan tabarmi a dandalin Unity Fountain, da ƙaramin kwamitin tsara dabaru da ke tace abin da za a faɗa wa 'yan jarida. Sun kuma ce ba sa karɓar tallafin kowa, 'ya'yan tafiyar ne ke ɗaukar nauyinta, wanda ya toshe ƙofar da rigima ta saba shigowa. Da kwamishinan 'yan sandan Abuja, Joseph Mbu, ya haramta zaman a watan Yuni na 2014, suka je kotu suka yi nasara. Ɗaya ƙofar, ta siyasa, ba ta toshu ba: Hadiza ta karɓi muƙami a gwamnatin Kaduna a 2015, Oby ta fito takarar shugaban ƙasa a 2018, kuma kowane karo sai da waɗanda suka rage, irin su Aisha Yesufu, suka sha tambaya a kan ko tafiyar ta wani ce. An sako 'yan mata 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017.

Yanzu kowane reshe na da zauren WhatsApp, kuma adalci ne a fara da alherinsa. Saƙon murya ya buɗe baki ga mutanen da takarda ta daɗe tana rufe wa baki. Dattijuwar da ba ta rubuta boko, wadda a da sai dai a karanta mata rahoto da Turanci ta gyaɗa kai, yau tana danna waya daga tsakar gidanta ta yi bayanin minti shida da Hausa, kuma sau da yawa ita ce mai gaskiya. Matar da ba a iya zuwa gidanta da dare ta shiga zaman jajibiri ba tare da ta sa mayafi ba. Hoton ajin da rufinsa ya yaye yana isa ga kowa kafin azahar. Lokacin kullen korona na 2020 da wannan aka rayu, tare da Zoom ga masu data da sabis.

Sauran labarin kuwa duk ɗan kwamiti ya san shi. Sanarwar taro na nutsewa a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a arba'in da tallan atamfa. Sakatare ya tura daftarin takarda ya ce a duba kafin Laraba, mutum tara su turo hoton babban yatsa, ba wanda ya buɗe ta. Wani ya yi habaici ba suna, kowa kuwa ya san da wanda yake. Akwai babban zaure na kowa da kowa, akwai na 'yan zartarwa, sannan akwai wani ƙarami na mutum huɗu wanda sauran ba su san da shi ba sai ranar da aka yi kuskuren tura saƙo inda bai dace ba. Maganar da a da za ta mutu a zauren Alhaji, yau ana ɗaukar hotonta a kai wa wanda aka yi da shi, wani lokaci har a kai wa jami'in gwamnatin da ake shirin tunkara. Murabus ma ya sauƙaƙa: ba wasiƙa, ba sallama, sai dai a ga ɗan rubutu cewa wane ya fita. Wanda ke da ikon sa mutum da cire shi a zauren ya zama sabon mai biro, alhali ba a zaɓe shi a kowane taro ba, kuma sunan muƙaminsa ba ya cikin kundi.

Abin da ya ɓace a tsakiyar wannan hayaniya shi ne shafin nan na batutuwan da suka taso. Ana magana fiye da kowane zamani, amma in aka tambaya wa ya ce zai yi me, kuma yaushe, sai a shiga laluben saƙonnin mako uku. Rassan da suka farga sun koma wa tsofaffin dabaru da sabon kaya: zaure ɗaya na sanarwa kawai wanda ba mai rubutu sai sakatare, ƙa'idar cewa duk abin da aka amince a waya ba ya zama hukunci sai an karanta shi a zama an rubuta, mabuɗin imel a hannun mutum uku, rahoton ma'aji da hoton rasit kowane ƙarshen wata ko da naira dubu biyu aka kashe. Wasu sakatarorin kan karanta taƙaitaccen rahoto da murya su tura, don Hajiya da ke ƙauye ta ji sunanta da aikin da ta ɗauka.

A watan Satumba na 2021 aka gwada kowa. Hukumar sadarwa ta rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Wasu yankunan sun kusa wata uku. A kwanakin farko mutanen Gusau kan shiga mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya, sai ita ma Funtuwa ta shiga cikin ƙananan hukumomi 13 da aka rufe a Katsina, tafiya ta koma Zariya. Sassan Sakkwato da Kaduna suka biyo baya. Kwamitocin da duk rayuwarsu ke cikin waya suka wayi gari ba su san gidajen juna ba. Matasan da ba su taɓa rubuta wasiƙar hannu ba suka koyi ninke takarda, suka koyi sunan ɗan kamasho.

Reshen mai wannan rubutu na da wakilai a yankin da abin ya shafa. A mako na uku tsohon sakataren da ya gada, dattijo mai fama da ciwon gwiwa, ya aiko jikansa da wata jakar leda. A ciki akwai littafin rahoto mai baƙin bango, gefensa duk ya sha hannu. A shafukan ƙarshe, da jan biro, an jera sunan kowane wakili, da unguwarsa, da masallacin da yake sallar asuba, da shagon da ake ajiye masa saƙo, da direban da ke bin hanyar garinsu ran kasuwa. Uku daga cikin mutanen sun rasu, shago biyu sun tashi. Sauran adireshin duk suna nan. Aka rubuta takarda goma sha ɗaya aka kai tasha ranar Talata, aka sa taro Asabar ta sama da ƙarfe goma. Mutum tara suka zo, biyu daga cikinsu tun daren Juma'a.